Littafin aiki: gyaran takardar gina kanel a ɗakin kwamfutarmu na ƙauye

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Da sunan Allah. Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta yadda gyaran takardarmu ta gina kanel yake tafiya, domin na lura abin da na gyara yau, bayan sati biyu sai dalilin gyaran ya kwanta mini.

Ɗakin kwamfutarmu shago ɗaya ne a gefen masallacin Juma'a na garinmu, tsakanin Ringim da Taura. Laftof shida gare mu, duk na hannu, da faifan sola biyu a kan kwano, da batir ɗaya da inbata. Masu shirin jarrabawar JAMB su suka fi zuwa. Duk injinan Debian 12 ce a kansu, wani nau'in manhajar Linux, mai tafiya da kanel 6.1. Uku daga ciki waifai ɗinsu na ciki ya mutu, sai na sayo ƙananan na'urorin waifai na sokawa a Kano, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba. Muka soka, shiru. Da na bincika sai na ga ƙwaƙwalwar Realtek RTL8821CU ce a cikinsu, kuma direban da ke tuƙa irin ta sokawar, wato 'yar manhajar da ke sa na'urar aiki, bai shiga kanel ba sai a 6.2. Taki ɗaya ya raba mu da shi.

Ga wanda bai sani ba, kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke tsaye tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji: ka danna madanni, shi ke ji, ka soka filashi, shi ke gane ta. Na Linux, Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma har yau kowa na iya sauke rubutunsa ya gina nasa.

Ina da wata takarda mai shafi biyu da na rubuta wa kaina tun ina karatu a Kano. Da ita nake gina kanel, amma ni kaɗai ke gane ta. Ba na so ranar da na yi tafiya ko na kwanta ciwo a rufe shagon ana jirana. Don haka na ƙudura gyara takardar yadda kowa zai iya bin ta. Na ɗauki kanel 6.12, wanda ya fito a Nuwamban 2024 kuma yana cikin waɗanda ake daɗewa ana yi wa gyara, na kuma kafa wa kaina sharaɗi ɗaya: duk gyaran da na yi, wani ne zai bi takardar, ni kuwa in zauna a gefe bakina ƙanin ƙafata. Inda ya tsaya, nan takardar ta gaza.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ƙanwata ce ta fara gwadawa. Ta gama sakandare bara, ita ke riƙe shagon idan na fita, kuma hannunta ya faɗa da buga umarni. Ba ta wuce layi na uku ba.

Layin farko na ce a shiga /usr/src a zama mai cikakken iko. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, me ya sa?" Ba ni da amsa sai dai haka na tarar ana yi. Da na buɗe bayanin da masu kanel ɗin suka rubuta da kansu, sai na ga sun ce ƙarara kada a yi amfani da /usr/src/linux, a buɗe rubutun a jakar mutum ta gida. Gini ba ya buƙatar sudo, umarnin ɗaukar cikakken iko, sai wajen girkawa. Na goge layin.

Daga nan ta buga make menuconfig, mai buɗe jerin zaɓuɓɓukan saiti, inji ya ce babu ncurses, ɗaya daga cikin kayan aikin gini. Ta sa shi, ya ce babu flex. Ta sa, ya ce babu bison. Kowane ɗaya sai ta kunna hotsifot na wayarta, ta jira, ta kashe. Ni na daɗe da su a injina, shi ya sa ban taɓa rubuta su ba. Yanzu na tara su a layi ɗaya a saman takarda: build-essential, libncurses-dev, flex, bison, bc, libssl-dev, libelf-dev. Mai gini ba ya fara ɗora tubali sai ya ga ruwa da ƙasa da ramno sun hallara.

Wani abu da ta faɗa ya tsaya mini a rai. Ta ce idan ta buga umarni bai ce komai ba, ba ta sanin ko ya yi ko bai yi ba. Na rubuta wannan a bangon littafi da jan biro.

Asabar, 11 ga Janairu

Satin nan na saukewa ne. Ƙunshin rubutun kanel ya kai wajen megabayit 140 a matse, idan aka warware shi ya haura gigabayit ɗaya. A birni wannan ba abin magana ba ne. A nan sai mun ɗora wayar a kan tagar gabas, mu jira bayan sha biyun dare lokacin da layi ke sakin jiki. Sau biyu saukewar ta yanke ta burauza, aka koma farko, data ta tafi a banza. Yanzu takarda ta ce a yi amfani da wget -c, wanda ke ci gaba daga inda ya tsaya. Harafi ɗaya ne, amma ya fi duk abin da na rubuta a satin nan amfani.

Sai tantancewa. Tsohuwar takardata ba ta ambace ta ba sam. Kowane ƙunshi a kernel.org yana zuwa da ƙaramin fayil na sa hannu, kuma na jerin 6.12 Greg Kroah-Hartman ne ke sa musu hannu. Inda ake tuntuɓe shi ne, sa hannun na ƙunshin da aka warware matsarsa ne, ba na mai .xz ba. Ƙanwata ta gwada shi kai tsaye a kan matsattsen, gpg mai duba sa hannu ya ce sa hannu mara kyau ne, ta ɗauka fayil ɗin ya lalace, har tana shirin sake saukewa. Na karya sharaɗina na tsayar da ita, domin data ce za ta salwanta. Na rubuta matakin daki-daki: a warware da xz tukuna, sannan a tantance. Ga mu da layi ke yankewa, wannan mataki ba ado ba ne. Shi ke nuna abin da ya sauka cikakke ne kafin a ɓata masa wuni.

Mun sauke 6.12.8, na kwafe shi a filashi biyu. Ɗaya tana aljihuna, ɗaya a akwatin Inna.

Laraba, 15 ga Janairu

Gini na farko. Muka kwafo fayil ɗin saiti na Debian daga /boot kamar yadda tsohuwar takarda ta ce, muka yi make olddefconfig mai daidaita tsohon saiti da sabon kanel, muka saki make -j4, wato gini da aiki huɗu a lokaci ɗaya, da hantsi. Wannan saiti an yi shi ne don ya tashi kowace irin kwamfuta a duniya, da dubban direbobin na'urorin da ba za mu taɓa gani ba a Jigawa. La'asar ta yi bai gama ba. Ga hazon hunturu ya rufe rana, solar ba ta ja sosai, inbata ta fara kuka kafin magariba.

Dab da ƙarshe sai ya tsaya da saƙon cewa an kashe aikin. Injin ram ɗinsa gigabayit 4 ne kacal, kuma matakin haɗa komai wuri ɗaya yana cin ram sosai idan an bar bayanan binciken kurakurai a kunne. Su ne kuma suka cinye mana gigabayit masu yawa na ma'adana. Na san wannan, har na rubuta a tsohuwar takarda cewa a kashe DEBUG_INFO. Abin da ban sani ba shi ne tun daga 5.18 an sauya tsarin: ba a kashe shi kai tsaye, zaɓi ne tsakanin abubuwa da yawa, sai ka zaɓi DEBUG_INFO_NONE ka kashe na DWARF. Idan ka kashe shi ta tsohuwar hanya, olddefconfig zai mayar da shi a kunne ba tare da ya ce maka uffan ba.

Wannan ya nuna mini irin tsufan da takardar umarni ke yi. Ba ta yagewa, ba ta koɗewa, layin yana nan daram, amma abin da yake nufi ya tashi daga wurin. Daga yau kowane shafi zai ɗauki lambar kanel ɗin da aka gwada shi a kai da ranar gwajin.

Asabar, 18 ga Janairu

Na koma kan make localmodconfig. Shi wannan yana duba direbobin da injin ke amfani da su a daidai lokacin, ya bar su, ya kashe sauran. Ginin da ya ci wuni bai ƙare ba, yau ya gama tsakanin azahar da la'asar. Ƙanwata ta girka, ta sake kunna inji, ta buga uname -r mai nuna lambar kanel ɗin da ke aiki, ga 6.12.8 a allo. Ta yi hamdala da ƙarfi har mai shayin da ke gefe ya leƙo. Ta ɗauko na'urar waifai ta soka.

Shiru, kamar ranar farko.

Na daɗe ina kallon allon kafin in gano. Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, direban sabo ne ga saitinmu, kuma sababbin direbobi yawanci a kashe suke zuwa sai ka kunna da kanka. Na biyu, localmodconfig abin da ya gani yana aiki kawai yake bari, kuma a injin da waifai ɗinsa ya mutu babu wani ɓangaren waifai da ke aiki, don haka ya share har gindin da direban zai tsaya a kai. Wato mun gina sabon kanel don abu ɗaya tak, kuma abin nan ɗaya shi muka bari a waje.

Na gwada kunna RTW88_8821CU shi kaɗai da scripts/config, na yi olddefconfig, na duba, ya ɓace. Sai da na kunna CFG80211 da MAC80211 da RTW88, gindin da yake tsayawa a kai, tukuna ya zauna. Nan maganar ƙanwata ta jan biro ta dawo mini. Na sake fasalin takardar gaba ɗaya: kowane mataki yanzu yana da layi biyu, na sama "abin da za ka buga", na ƙasa "abin da za ka gani". A wannan matakin, za ka buga grep 8821CU .config, kuma dole ka ga =m a ƙarshen layin. In ba ka gani ba, kada ka fara gini, ka koma baya. Minti ɗaya na dubawa ya fi awa biyu na jiran abin da ba ya ciki.

Bayan gini na biyu ma sai da muka ƙara abu biyu: ƙunshin firmware-realtek, domin famwayar na'urar, wato manhajar da ake ɗora wa ƙwaƙwalwarta, ba ta cikin kanel, daban ake sa ta, da usb-modeswitch, domin irin waɗannan na'urori wasu kan fara bayyana a matsayin faifan CD sai an juya su. Bayan isha'i sunan hotsifot ɗin wayata ya fito a allon. Na bar ta ta buɗe shafin farko da hannunta.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau na fi jin nauyin aikin nan.

Akwai wani yaro ɗan maƙwabcinmu da ke gyaran waya, ranar Lahadi yakan kafa tebur a kasuwar Gujungu. Yau bai je ba saboda mura, sai na ba shi takardar ya girka kanel ɗin da muka gina a inji na biyu. Ya bi ta tsaf. Da ya sake kunnawa, maimakon allon shiga sai baƙin allo da 'yar kalmar initramfs, sunan ƙaramin tsarin da kanel ke fara tashi da shi, tana jiransa. Na ga hannunsa ya fara rawa. Ya ce, "Malam, wallahi abin da ke rubuce na bi. Na lalata muku inji ko?" A cikin injin akwai tambayoyin gwaji na yara goma sha ɗaya.

Bai lalata komai ba. Kanel ɗin an yanka shi ne daidai jikin inji na farko, shi kuwa na biyun ma'adanarsa wata iri ce, direbanta ba ya ciki, don haka kanel ya tashi amma bai ga inda manhajar take ba. Tsohon kanel yana nan lafiya lau. Kashewa kawai za a yi, a kunna, a shiga layi na biyu na jerin GRUB, inda ake zaɓar kanel ɗin da inji zai tashi da shi, a zaɓi 6.1. Amma wannan bayani yana shafi na ƙarshe, ƙarƙashin "idan an sami matsala", kuma wanda gabansa ke faɗuwa ba ya juya shafi.

Na mayar da shi shafi na ɗaya. Kafin a sauke komai, kafin a buga umarni ko ɗaya, mai bin takardar zai kashe inji, ya kunna, ya shiga jerin GRUB, ya ga tsohon kanel da idonsa, ya zaɓe shi, ya tashi da shi. Sai ya san hanyar komawa gida sannan a bar shi ya fita. Na kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a cire tsohon kanel sai sabon ya yi sati yana aiki.

Gyaran ainihin matsalar bai yi wuya ba. A kowane inji cikin shidan muka soka filashi, da waya ta igiya, da firinta, muka buga lsmod mai jero direbobin da ke aiki, muka adana sakamakon, muka haɗa su fayil ɗaya, muka ba localmodconfig ta hanyar LSMOD. Sokawar nan wajibi ce. Da ba mu yi ba, da mun sami kanel da ba ya karanta filashi, ba ya karɓar intanet daga waya ta igiya, alhali da su muke rayuwa a nan.

Yaron ya ƙi tafiya sai da ya ga injin ya tashi. Na ce masa laifin takarda ne, kuma shi ya gyara ta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na cire make install daga takardar. Yanzu make bindeb-pkg muke yi, wanda ke fitar da ƙunshin .deb a jakar da ke sama da ta rubutun. Yana neman ƙarin debhelper da rsync, na sa su a layin kayan aiki. Amfaninsa a gare mu babba ne: a gina sau ɗaya a injin da ya fi ƙarfi, a zuba a filashi, a zaga da shi sauran biyar. Ƙunshin da kansa ke gina initramfs ya sabunta GRUB, kuma ranar da aka gaji da shi apt, mai girka ƙunshi da cire shi, zai cire shi tas, ba sai an bi /boot ana tsince fayiloli da hannu ba. Ƙunshi fiye da ɗaya ke fitowa. Takarda ta ce a girka linux-image, a ƙara linux-headers in ana buƙata, a bar linux-libc-dev inda yake.

Na kuma sa a riƙa liƙa wa kanel ɗin suna ta LOCALVERSION, don a bambanta namu da na Debian a jerin GRUB. Ƙanwata ta zaɓi "-shago1".

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ba gini yau, gardamar kalmomi muka yi. Umarnin da ake bugawa ba ya fassaruwa, dole ya zauna yadda yake, amma bayanin da ke kewaye da shi na fi so ya zama Hausar da muke yi a shago. Na rubuta "tattara lambobin tushe", ƙanwata ta ce ba wanda zai gane, kowa "gini" yake cewa. Ta fi ni gaskiya. Mun tsaya a kan gini, da girkawa, da direba, da ƙunshi. Saƙonnin kuskure kuwa na kwafe su harafi da harafi yadda suke fitowa, da ma'anarsu a ƙasa, domin mutum da ido yake neman abin da ya gani a allo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kuɗin data ya tashi tun bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan jiya. Wannan ya sa babin sabuntawa, wanda shi ne asalin abin da takardar ta rasa, ya zama na gaggawa. Kusan kowane mako ana fitar da sabon gyara a jerin 6.12, kuma ba za mu iya sauke megabayit 140 kowane lokaci ba. Hanyar ita ce faci, kamar dai na taya: ƙaramin fayil mai ɗauke da abin da ya sauya kawai.

A nan na yi kuskuren da na tabbata wasu ma za su yi. Muna kan 6.12.8, na sauke patch-6.12.12, na liƙa. Allo ya cika da tambayoyi, yana cewa kamar an riga an sa wannan gyaran. Dalili shi ne facin da ke babbar jaka ba a kan wanda ya gabace shi ake ɗora shi ba, a kan asalin 6.12 ake ɗorawa, ya ƙunshi duk gyaran tun daga farko. Wanda ke kan 6.12.8 hanya biyu gare shi. Ko ya cire facin 6.12.8 da patch -R ya koma asali, sannan ya ɗora sabon. Ko ya shiga jakar incr ya ɗauko ƙananan faci na taki-taki, 8 zuwa 9, 9 zuwa 10, har ya iso, a jere ba tsallake.

Na zaɓi ta farko a matsayin babbar hanya, domin fayil biyu ne kawai, wurin kuskure kaɗan ne. Na ƙara sharaɗin a fara da --dry-run, wanda ke gwadawa ba tare da ya taɓa komai ba, da kuma make kernelversion bayan kowane mataki: bayan cirewa ka ga 6.12.0, bayan ɗorawa ka ga sabuwar lamba. Jakar da na ɓata kuwa, filashin akwatin Inna ce ta cece ni.

Asabar, 8 ga Maris

Mako ɗaya da kama azumi. Mun mayar da aiki bayan tarawihi, shagon ya fi sanyi, kai ya fi natsuwa.

Wani malamin firamare daga ƙauyen da ke gaba da mu ya ji labari, ya zo da laftof ɗinsa a bayan babur. Shi ne mutum na farko da ya bi takardar a injin da ba namu ba, kuma Ubuntu ce a kansa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka zama shiru ya yi mini wuya, amma da na faɗa masa sharaɗin sai ya ce, "Haka muke yi wa yara, ɗana. Zauna abinka."

Wuri uku ya tsaya. Jerin GRUB bai fito ba, domin Ubuntu na ɓoye shi. Sai an riƙe Shift a tsofaffin injina, ko a danna Esc a masu UEFI. Sannan gini ya tsaya yana neman debian/canonical-certs.pem, fayil ɗin shaida da saitin Ubuntu ke ambata amma ba ya cikin rubutun kernel.org, magani shi ne a mayar da SYSTEM_TRUSTED_KEYS da SYSTEM_REVOCATION_KEYS fanko. Na uku, bayan girkawa injin ya ƙi karɓar kanel ɗin saboda Secure Boot, kariyar da ke duba sa hannun kanel kafin inji ya tashi, a kunne yake, kuma namu ba shi da sa hannun da ya yarda da shi. Na sa mokutil --sb-state a shafi na ɗaya, a san matsayin inji tun kafin a fara. Na rubuta yadda ake kashe shi, na kuma faɗi a fili cewa kariya ce ake cirewa, mai injin ya yanke da kansa. Malam ya ce a bar masa a kunne, ya koma tsohon kanel ɗinsa ta hanyar da shafin farko ya koya masa. Ya bar mini gyaran rubutu guda tara da jan biro, har da ƙugiyoyin ɗ da ƙ da na tsallake.

Asabar, 22 ga Maris

Akwai abin da ya kamata in rubuta tun ranar farko. Debian na da ma'ajiyar bookworm-backports, inda ake samun sabon kanel ginanne, mai sa hannu, wanda apt zai ci gaba da sabuntawa. Wanda buƙatarsa kawai na'urarsa ta yi aiki, wannan ce hanyarsa, umarni biyu ko uku ya gama. Na san da ita, amma son koyar da gini ya sa na yi ta jinkirta ambatonta, kuma wannan ba adalci ba ne ga mai karatu. Wanda ya gina nasa ya ɗauki nauyin bin gyaran tsaro da kansa, ba wanda zai yi masa. Yanzu sakin layi na farko tambaya ce: shin kana buƙatar gini kuwa? In a'a, ga gajeriyar hanya. Injina biyu na mayar kan backports. Sauran huɗun na bar su da namu, domin yaran da ke zuwa koyo su sami abin taɓawa.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya, zafin bazara ya sauka. Da rana kwanon shagon kamar tanda. Injin da muke gini a kai ya mutu da kansa sau biyu ana tsakiyar aiki. Ɗan maƙwabcinmu ya buɗe shi, ya ciro dunƙulen ƙurar hunturu daga bakin fanka, kamar audugar katifa, ya goge da tsohon buroshin haƙori. Muka ɗora injin a kan tubali biyu don iska ta ratsa ƙasansa, muka sauko daga -j4 zuwa -j2. Ya fi daɗewa, amma yana kaiwa ƙarshe. Takarda yanzu ta ce a bazara a fara gini da sassafe, da zarar rana ta hau kan sola.

Mutuwar ta koya mana wani abu. Idan gini ya yanke, sake buga make na ci gaba daga inda ya tsaya, wannan daidai ne. Amma fayil ɗin da ake cikin rubutawa lokacin da wuta ta ɗauke yana iya zama fanko, daga baya ya jawo kuskuren da ba ya kama da dalilinsa. Na ƙara mataki: a nemo fayilolin .o marasa komai da find a goge, in abin ya ƙi a yi make clean, wanda ba ya taɓa fayil ɗin saiti. Na ja layi a ƙarƙashin gargaɗin cewa make mrproper yana share saitin, a kwafe .config gefe kafin a kusance shi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Takardar ta kai shafi tara. Yau na ba wata ɗaliba da ba ta taɓa ganinta ba, cikin masu shirin JAMB, wadda ta ce tana son karanta ilimin kwamfuta a Dutse. Na ba ta filashi da takarda da ƙarfe bakwai na safe, na ɗauki kujerata na koma wajen mai shayi, inda nake hango ta ta ƙofa.

Ta fara da kashe inji da duba tsohon kanel. Ta ɗora faci. Na ga ta sa yatsa a kan layin "abin da za ka gani", ta dubi allo, ta sake duban takarda, sannan ta wuce. Sau ɗaya ta fito. Ta ce, "Malam, a shafi na shida an ce a koma jakar sama, ba a faɗi yadda ake komawa ba." Gaskiyarta, cd .. ne ban rubuta ba, wata uku ina kallon shafin ban gani ba. Na faɗa mata, ta rubuta da biro a gefe, ta koma. Kafin azahar ta kira ƙanwata ta nuna mata lambar da uname -r ya fitar.

Abin da ya rage: in gyara shafi na shida, in rubuta babin cire tsofaffin kanel kafin /boot ta cika, domin inji na huɗu saura kaɗan, sannan in kai takardar Ringim a buga kwafi goma a sa musu leda saboda ƙura. Malam ya aiko a ajiye masa biyu. Shagon zai koma na masu jarrabawa zalla har ƙarshen wata, gini na gaba sai cikin Mayu in Allah ya kai mu.